Warin Fetur a Gemun Baba

A shekarun da aka hana sayar da fetur a jarka, mahaifina ya zama mai mota ba don yana sha'awar mota ba. Mai gidan mai zai zuba maka a tankin abin hawa, amma ko kwalba ka miƙa masa ba zai kalle ka ba, don an ce a jarka ake kai wa 'yan tayar da ƙayar baya da ke daji. Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Sai dai wanda ya kafa ta bai taɓa tsayawa a bakin fangalin albasa da tsakar rana ba, kuma injin ban ruwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa.

Mu asalinmu masu shanu ne. Baba ya zauna a unguwar Umarari yana dillancin dabbobi har rikicin ya kashe kasuwar. Abin da ya rage masa shi ne lambu a wajen Khaddamari da injin ban ruwa guda ɗaya. A ranin da nake magana, duk abin da ya mallaka ya zuba shi a albasa. Ita muke jira ta ciyar da mu, mu da dangin da suka gudo daga ƙauye suka cika mana zaure da tsakar gida. Ni malamar firamare ce, amma an mai da makarantarmu masaukin 'yan gudun hijira, don haka ni ce 'yar rakiyarsa zuwa lambu.

Motar akwala ce ta gasken gaske, da igiya ake ɗaure ƙofar direba. Baba ya koyi tuƙi da furfura a kansa, yana daka mata tsawa kamar yadda yake yi wa bijimi mai taurin kai, ni kuma ina gefe ina dariya ina salati. Amma tankinta babba ne, kuma shi ya saya.

Da safe za mu cika tanki, mu wuce shingen sojoji a buɗe but ɗin bayan mota a ga ba jarka, mu isa lambu. Baba zai zura tiyo a tanki, ya durƙusa ya zuƙa da baki har man ya taho, ya juye wa injin. Yakan bar mana na komawa gida kafin a rufe hanya da la'asar, don ba mai kwana a wajen gari.

A gidan mai ɗaya muke sha, domin a nan ne kawai ake cika mana. Mai ya yi wuya, baƙuwar fuska ɗan kaɗan ake ɗiga mata. Manajan wurin maƙwabcinmu ne, Babarbare, ɗan marigayi aminin Baba, masallacinsu ɗaya. Wata safiya ya leƙo ta taga yana murmushi, ya yi gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, Baba. Motar nan taka akwai ta da ƙishi. Ba dai zuƙewa ake yi ba ko?"

"A'a," in ji Baba. "Jigilar mutanen ƙauyenmu nake yi."

"To alhamdulillahi. Ku cika wa Baba."

Tunda nake ban taɓa jin ƙarya a bakin mahaifina ba sai ranar. A kasuwar dabbobi har tsokanarsa ake yi, wai shi ne dillalin da ke buɗe bakin saniya ya nuna wa mai saye aibinta. Da muka yi nisa ya tambaye ni, idonsa na kan hanya:

"Ke da kika yi boko, abin nan zamba ne?"

Raina ya ɓaci, ba da shi ba. Na ce zamba ita ce ka ci haƙƙin mutum. Shi ya biya kuɗinsa cif, man ya zama nasa, ko ya sha ko ya yi wanka da shi ba ruwan kowa. Albasa ce za ta sha ruwa, ba bam za mu haɗa ba.

"Da ya san inda man zai je, zai sayar mini?"

"Ba zai sayar ba."

"To kin gani. Da kuɗi na saya, da kuma abin da na faɗa masa. In aka kama ni da tiyo a baki, za a tambaye ni inda na sha mai. Wa za a je wa?"

Har wurin liman ya kai maganar, liman ya ce lalura tana da hukuncinta, amma jefa wani cikin haɗari ba da saninsa ba shi ma yana da nasa. Baba ya dawo da amsa biyu, ya ci gaba da zuwa gidan mai yana sunkuyar da kai.

Albasa ta fara ɗaura kai, saura 'yan makonni a cire, sai ranar nan man ya ƙwace masa. Ya cika masa baki, ya zubo ta gemu har ƙirjin riga. Ya yi ta tari yana tofarwa, idonsa jajir. A gida na ba shi sabulu da lemun tsami, ya wanke, ya sake riga, ya shafa turare ya tafi Magariba. Mu da muka yini cikin warin hancinmu ya riga ya saba, muka ce masa ya fita.

Washegari manaja da kansa ya karɓi famfon daga hannun ma'aikacinsa. Ya sunkuyo ta taga, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, jiya a sahu kafaɗata tana jikin taka. Wallahi ban san surar da liman ya karanta ba."

Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"An rufe wani gidan mai a Wulari kan irin wannan, an tafi da ma'aikatan. Ni ma ina da iyali, Baba. Ba zan sake tambayar ka ba, don ba na so ka sake amsa mini. Na zuwa da dawowa zan riƙa zuba maka. Ka yafe mini."

Da ya zage mu, da na san abin da zan ce masa. Mutumin nan idonsa ya ciko da ƙwalla, shi da aka yi wa ƙarya shi ke neman gafara. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Mun zagaya wasu gidajen man, abin da ake ɗiga mana ko layin da muka bi bai biya ba. 'Yan bumburutu kuwa sun ɓace daga titi. A lambu ruwa na nan ƙarƙashin ƙafarmu, amma a cikin bututu yake, siriri kamar damtsena, guga ba ya shiga. Ganyen albasa ya fara yin rawaya daga baki, sannan ya kwanta.

Zuwanmu na ƙarshe, Baba ya bi fangalin ɗaya bayan ɗaya, yana tona ƙasa da yatsa. Ya ce in ta sha yau, rabi zai tsira. Ya buɗe tanki ya zura tiyo. Ɗan abin da ke ciki zai ishi injin, ko kuma ya mai da mu gida kafin a rufe hanya, ba zai yi duka biyun ba. Sauran masu lambu sun riga sun fara tafiya.

Na ce, "Baba, ka zuƙa. Ma taka da ƙafa."

Ya dubi rana, ya dubi hanya, sannan ya dube ni ya daɗe.

"Da ni kaɗai ne," ya ce.

Ya zare tiyon a bushe, ya rufe tanki, ya ce in shiga mota.