Jan Ƙyallen Baba Kumfa

A yaba wa mutanen gidanmu. Na zauna gidajen haya iri-iri, ban taɓa ganin masu haƙuri kamarmu ba. Famfo zai yi wata shida yana ɗiga, mu tara masa bokiti mu ce Allah ya kyauta. Bango ya jiƙe ya yi kore, mu jingina kabad a wurin. Warin gas ya tare mu a bakin matakala, mu ɗan toshe hanci, mu wuce muna tambayar juna lafiyar iyali. Mutum ɗaya ne a cikinmu Allah bai ba wannan baiwar ba, shi ne kuma muka kai makwancinsa ranar Talata, tara ga wannan wata.

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baba Kumfa, mai gyaran famfo da murhun gas, ya rasu a asibiti da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Ya kuma bar iyali goma sha biyu a bene mai hawa uku, mai matakala ɗaya, mai tagogin da muka dasa wa ƙarfe saboda ɓarayi.

Baba, ka yafe mana sunan da muka sa maka. Da tsokana muka fara shi. Wani zazzaɓi ya ɗauke maka jin wari shekaru da yawa da suka wuce, tun daga nan ba ka rabo da gorar ruwan sabulu da ɗan buroshin fenti. Duk Asabar da safe sai ka bi ƙofa ƙofa kana sallama, ka shiga kicin, ka shafa ruwan sabulun a kan tukunyar gas da tiyonta, ka tsuguna kana kallo kamar mai jiran saƙo. Idan kumfa ta taso, gas yana zuba ke nan. Na taɓa ce maka, "Baba, mu da muke da hanci ba mu ji komai ba." Ka ce, "Hancin ne ya cuce ku, ɗana. Hanci yana sabawa, kumfa ba ta sabawa."

Kana da wata tsohuwar jar riga da kake yaga. Duk inda kumfa ta tashi, sai ka kashe tukunyar, ka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ma'anarsa ɗaya ce, kowa ya sani: kada a kunna sai an gyara, kuma wanda ya ɗaura shi ne zai kwance. Mata suna ganinka su ce, "Ga mai hana girki nan." Amma su ne dai suke aika a kira ka idan wurin wanke-wanke ya toshe, ka zo ka zaro musu maiƙo da gashi da cokalin da ake nema tun bara, ka wanke hannu ka tafi ba tare da ka zauna ba.

Ba za mu manta ranar da malamin makaranta na hawa na biyu ya so rataye takardar shaidar karatunsa ba. Ya auna tsakiyar bango da kyau, ya buga ƙusa, ƙusa ta sami bututun ruwa. Ruwa ya feso masa a fuska, ya cika ɗakin, ya bi silin ya sauka kan yadudduka na telan da ke ƙasa. Maza takwas muna ihu, kowa da shawararsa, wani ya ce a toshe da sabulu, wani ya ce da cingam. Ka iso da sifana, ka zaga bayan gida, ka ɗaga wani murfin siminti da muke zama a kansa kullum, ka murɗa sau biyu, ruwa ya tsaya. Ba ka yi wa malam dariya ba. Ka ce masa kawai, "Malam, takardar ta tsira?" Bayan ka gyara bututun, da hannunka ka rataye masa ita a wani bangon.

Yanzu zan faɗi nawa, tunda ta'aziyyar da babu gaskiya a cikinta ba ta isa wurin mamaci. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da bokitai, robobi da tiyo. Shekara uku da suka wuce, matar da take dafa abincin sayarwa a ƙasan benenmu, wadda muke kira Uwar Tukwane, ta zo rumfata tana neman tiyon gas. Babu shi a lokacin. Akwai koren tiyon ruwa, irin na ban-ruwan fulawa. Na yanka mata, ta tafi ta ɗaure shi da robar tayar keke. Tukwanen gas ɗinta huɗu ne, duk a ƙarƙashin matakala suke kwana.

Watan jiya ka zo rumfata da guntun koren tiyo a hannu. A gaban masu ciniki ka lanƙwasa shi, ya tsage kamar busasshen kara.

"Ɗana, wannan naka ne?"

Na ce, "Baba, tiyo ai tiyo ne. Duk rami ne a tsakiya."

Ka ce, "Kabari ma rami ne a tsakiya."

Ka bayyana mini cewa gas yana cinye irin wannan robar a hankali, ta bushe, ta dare ta inda ido ba ya gani. Ka ce gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa yana taruwa, yana jiran wanda zai ƙyasta ashana ko ya danna makunnin fitila. Ka ce ka ɗaura wa babbar tukunyarta jan ƙyalle, za ka dawo ku yi magana a kan fitar da su duka waje. Na ce to. Ban motsa ba. Kai kuma ciwo ya riga ka.

Ranar da aka yi maka sutura, gidan ya cika da masu gaisuwa, dole a dafa musu abinci. Uwar Tukwane, Allah ya saka mata, ita ta fara fitowa. Kuka take yi na gaske. Ta sa aka mirgino babbar tukunyarta tsakar gida, ta girka abinci ga mutum sama da ɗari. Ina wucewa da tabarma na ga ta sauke tukunyar miya, ta kama hannun tukunyar da wani jan tsumma don kada ta ƙone. Na tsaya. Na gane rigar.

Babu abin da ya faru, Baba. A fili aka yi girkin, iska ta kwashe komai. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin da yamma an mayar da tukunyar ƙarƙashin matakala, kuma yanzu kowa yana da hujjar cewa babu haɗari.

Bayan kwana biyu, Inna, matarka, ta kira ni. Ta miƙo mini gorar sabulun da buroshin da ragowar jar rigar. Ta ce, "Ya ce a ba mai tiyo." Na sauka ƙarƙashin matakala, na tsuguna inda kake tsugunawa, na shafa. Kumfa ta taso a wuri uku, ƙanana, a jere, suna girma suna fashewa ba sauti. Sama da kaina na ji takun 'yata tana saukowa za ta makaranta.

Na kashe tukunyar, na kawo tiyon gas na gaskiya daga kasuwa, na kai wa Uwar Tukwane har ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Oho, an naɗa sabon Baba Kumfa? Kai da ka sayar mini da shi, yau kai ne mai wa'azi? Shekara uku ina girki, ko gira ban ƙone ba."

Na ce, "Yaya, laifina ne, na ɗauka. Bari a kira mai gyara ya sa wannan, a fitar da tukwanen waje."

Ta ce, "Waje, ɓarayi su kwashe? Rataye shi can, sai na sami sarari."

Yana nan a rataye a ƙusa. Jiya na ga ta shanya tawul a kansa. Na yi wa malamin makaranta magana, ya ce a kira taro. Tela ya ce komai na Allah ne. Mai gidan ya ce zai leƙo ƙarshen wata. Na gaya muku, mu masu haƙuri ne.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan bawa Naka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk ruwan da ya tsayar, duk wutar da ya hana tashi ba mu sani ba, Ka sa su a mizaninsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Inna, Allah ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari, ya yi wa 'ya'yansa albarka. 'Yan'uwansa da abokan sana'arsa, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, irin haƙurin da ake samun lada a kansa, ba irin namu ba.

Ranar da Baba ya kwanta asibiti, jan ƙyalle bakwai ne a gidan nan. Yau da safe na zaga na ƙirga, saura biyu, kuma ban ga mai gyara ya shigo ba. Ni dai na rubuta ta'aziyyarsa. Tunda mu duka matakala ɗaya muke bi, wa muka bari a waje da zai rubuta tamu?