Zaren Audugar Malam Mijinyawa

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Mijinyawa yana buɗe ɗakin shan magani na Gwangwan da sassafe. Ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya tafasa allurai, sannan ya shiga gaisuwa. Masu gajen haƙuri kan ce kafin ya gama tambayar lafiyar shanunka, zazzaɓin ya sauka. Ba su san a cikin gaisuwar yake rabin aikinsa ba.

Wata damina da ciwon apolo ke zaga gidaje, aka kawo masa Ɗantala mai ɗinkin hula, idonsa na dama jajir. Da allura yake ci da gidansa, ga shi kwana biyar bai iya zura zare ba. Matarsa Saude ta ɗiga masa ruwan sukari, kamar yadda kowa ke yi.

"Malam, apolo ne, a ba mu na ɗigawa mu koma," in ji ta.

"Wa ya ɗauka a gidan?"

"Ba kowa."

"Wane irin apolo ne wannan, kwana biyar bai leƙa kowa ba?"

Ɗantala ya ce, "Ni dai rabin goshina ke zogi, ko hula ba ta zama."

Malam ya duba goshin, babu ƙurji ko ɗaya. Ya murza zaren auduga ya taɓa idon hagu, idon ya ƙifta. Ya taɓa na dama, ko ƙiftawa bai yi ba. Nan take ya hana maganin ɗigawa, Saude na ta ƙunƙuni, ya rubuta takarda, ya raka su har tasha.

A asibitin ido na Kano aka tabbatar: ƙwayar ƙarambau ce da ya yi yana yaro ta farka, ta bi jijiya ta sauka a ido. Da an ƙara jinkiri, da idon ya tafi.

Malam, kai ne ka yarda a ji haushinka a ranar, don kada a yi kuka daga baya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku koyi tambaya kafin ku miƙa kwalba.

Ran Asabar za a yi masa walimar ajiye aiki. Hular da zai sa, Ɗantala ne ya ɗinka, kuma shi ya zura zarensa da kansa.