Cigiyar Aikin da Malama Kulu ta Amsa

Malama Kulu 'yar Argungu ce, ɗiyar wani masunci mai suna Tamba. Ta yi digiri na biyu a lissafi, amma aikin jami'a ya ƙi samuwa, sai ta kama koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, tana zaune wurin yayarta a Gwadangaji. A ajinta amsa daidai ba ta wadatar. Sai yaro ya tashi ya nuna yadda mataki ya haifi mataki, har wanda ke bayan aji ya yarda.

Ran nan abokin aikinta Gbadebo, malamin kimiyya da ya girma a garin, ya miƙa mata waya.

"Malama, duba nan. Kamar don ke aka rubuta."

Wata cibiyar bincike ce a ƙasar waje ke neman ma'aikata: masana lissafi, masana harshe, masu nazarin tunanin ɗan Adam da 'yan kwamfuta. Za su haɗu su binciki yadda mutum ke kafa hujja a lissafi. Kulu ta tura takardunta, ba a jima ba aka kira ta hira ta bidiyo.

Mutum uku ne a hirar. Biyu sun nuna fuska, na ukun murya kawai ake ji. Ba su damu da digirinta ba. Mai muryar ya ce abin da suke so shi ne ta naɗo musu darussanta, su ji yadda yara ke kawo hujja da Hausa, inda suke kuskure da inda suke gyarawa.

Da ta je gida Argungu hutun ƙarshen mako, ta tarar da mahaifinta yana gyaran taru, ta ba shi labari. Ya ajiye tarun.

"Kulu, ke suka so ko ɗiyan mutane?"

"Baba, bincike ne."

"Wanga da ya ɓoye fuska tai, mi sunanai?"

Ba a taɓa gaya mata sunansa ba. Duk da haka ta nemi izinin shugaban makaranta, ta yi ta naɗa har ƙarshen zango, ta tura. Daga nan shiru. Shafin cibiyar ma ya daina buɗewa. Bayan damina Gbadebo ya sake ganin cigiyar nan kalma da kalma, amma da sunan wata cibiya daban.

Wata safiya aka kira ta da baƙuwar lamba tana cikin keke napep za ta makaranta. Nan take ta gane muryar mutumin nan da ya ɓoye fuska a hira. Bai yi zancen aiki ba. Ya ce ɗalibarta Sharifa, wadda ta kawo hujjar kusurwoyin alwatika ta hanyarta, ta burge su. Yana son lambar mahaifinta. Kulu ta kashe wayar.

Ba ta isa makaranta ba, ta juya zuwa Zauro, garin su Sharifa. Ta sami mahaifin Sharifa, Malam Dikko, cikin fadama yana duba shinkafa. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai.

Ya kakkaɓe laka daga hannunsa. "Ai sun kira ni shekaranjiya, Malama. Sun ce ke kika ba su lambata. Sun ce za su aiko mota a kai ta jarrabawa."

"Wallahi Baba ban ba su ba. Yau ɗin nan ma suka nemi in ba su."

A ranar Malam Dikko ya kai Sharifa Argungu wurin gwaggonta, aka sauya mata makaranta. Kulu ta kai rahoto wurin hukuma, aka rubuta bayaninta, aka ce ta jira. Ta bi gidajen sauran yaran ɗaya bayan ɗaya tana gaya wa iyaye. Wasu suka gode, wasu suka kawar da kai.

Tana nan tana koyarwa har yanzu. A makon da ya wuce mai gadin makaranta ya ce mata wata farar mota ta tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, ba wanda ya fito daga ciki, kuma ba ta tafi ba sai da yara suka watse.