Ranar da Usaina Ta Juya wa Bawa Baya a Kasuwar Gummi

Na manta shekaruna, na manta inda na ajiye tabarau da safen nan, amma ban manta da ranar da 'yar rakoda ta so jawo wa taubashina Bawa Mai Magani dukan kasuwa a Gummi ba. Ku yaran yanzu masu gyaran waya, masu leƙen aiki kamar ana cire ƙaya, ku matso ku ƙaru.

Ni ne Mamman, wanda ake kira Injiniya a bakin tashar Anka. Na yi firamare har aji huɗu, aka ga ilimin yana neman yi mini yawa, aka cire ni aka kai ni gyaran rediyo. Sana'ar tana da matakai. Da hura gawayin dalma ake farawa, sai a kai matsayin mai kwancewa, sai mai ɗaurawa. Na ƙarshe shi ne Injiniya, wanda in ya ɗaure inji ya ga kusoshi sun yi saura, zai dubi mai kaya ido cikin ido ya ce kamfani ne ya sa su da yawa.

To, akwai wasu ƙananan rakodoji biyu na ratayawa da muke kira Hassana da Usaina. Kamfaninsu ɗaya, girmansu kamar sandar sabulun wanki, launinsu na toka, batirinsu iri ɗaya. Mai kallo daga nesa zai rantse abu guda ne. Amma Hassana alamar kibiya ɗaya gare ta a murfi, Usaina biyu, kowace ta ba 'yar'uwarta baya. Hassana yarinya ce mai tarbiyya: in kaset ya ƙare sai ta ce ƙas, ta tsaya, ta jira a juya mata. Usaina ta ɗan fi nauyi, ta fi cin batir, kuma ba ta jiran kowa. Kaset na ƙarewa za ta juya da kanta ta kama karanta bayansa. Mu masana muna kiran wannan oto-ribas. Sannan maɓallin gefe, wanda a jikin Hassana shi ne na tsayarwa, a jikin Usaina shi ne na juyawa. Nata na tsayarwa yana tsakiya.

Shi kuwa Bawa maganin wankin ciki yake sayarwa, kasuwa-kasuwa, daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi. Tallarsa tana cikin wani tsohon kaset da ya ɗauka tun yana da haƙora. Yanzu in ya ce "sha" sai ka ji kamar tayar babur na sacewa, don haka kaset ɗin nan shi ne bakinsa. Yakan jona rakoda da lasifika a kan babur, muryarsa ta samartaka tana kiran jama'a, shi yana zuba magani. An sha ce masa ya mayar da muryar cikin memori irin na waya, ya ce bai yarda da muryar da ba ya ganin tana juyawa ba.

Bayan girbi, shekarun baya kaɗan, Hassanarsa ta mutu mutuwar da ko ni na yi mata addu'a. Na fito masa da biyun da suka rage mini, na jera a kan benci.

Ya ce, "Mi ab bambanci? Ni dai na ga jaki biyu."

Na ce, "Jaki na ukun ya saurara. Wagga irin taka ce. Wagga kuma oto-ribas gare ta."

"Mi kac ce? Riba?"

"Ribas nac ce."

"To ai shi ke nan. Bature in abu ya yi yawa sai ya ƙara mai 's' a wutsiya. Riba, ribas. Ba ni mai ribas ɗin."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna lalle an koya mana wannan dokar a aji huɗu. Duk da haka na yi masa bayanin juyawa da na maɓalli, amma mutumin da ya ji riba kunnensa ya tafi hutu. Ya rataya Usaina ya fita yana taƙama.

Ranar kasuwar Gummi na hau bayan babur ɗinsa, don ina neman matattun rediyoyi na ciro kayan gyara. Ya kafa babur kusa da masu hatsi, ya kunna. Usaina ta ɗauka tangaram: "Jama'a ku matso! Mai kumburin ciki, mai tsutsa, sha ka ji sakayau!" Mutane suka taru. Bawa yana ba da ɗanɗano a murfin kwalba, kamar yadda ya saba. Wani dattijon Bafulatani da ake kira Baffa ya zo da 'ya'yansa, zaratan samari, kowa da sanda a kafaɗa. Ya karɓi murfi ya kurɓe.

Daidai nan kaset ya ƙare, Usaina ta yi halinta.

Abin da ban sani ba, Bawa yana da sana'a ta biyu. Lokacin da hatsi ya shiga rumbu yakan zaga ƙauyuka da maganin ɓera, kuma don tsimi, tallar tana bayan wannan kaset ɗin. Ga shi kuma ba ya ambaton ɓera sai can tsakiya, wai don mutane su matso.

Sai lasifika ta ɗaga murya, muryar Bawa sak: "Ɗanɗanawa ɗaya ta isa! Wanda ya lasa ba ya komawa gida! Shi da iyalinsa, gobe da safe sai shara!"

Kasuwa duka ta juyo. Baffa ya dubi murfin da ke hannunsa, ya dubi Bawa.

"Mai magani, wa ab ba ya komawa gida?"

Bawa ya kai hannu gefe, inda ya saba tsayar da Hassana, ya danna. Usaina ta juya: "Sha ka ji sakayau!" Ya sake dannawa: "Ko rami ba ya kaiwa!" Ya danna: "Yaro da babba!" Ya danna: "Sai dai a ja shi ta wutsiya!" Wata tsohuwa da ta ɗanɗana tun farko ta zauna a ƙasa tana salati, tana cewa a kai wa Innarta labari, ita da ta haura saba'in. Sanduna suka sauko daga kafaɗu.

Na kutsa na zare batir. Na gyara tsayuwa na fara yi wa jama'a bayanin kibiya ɗaya da kibiya biyu. Babban ɗan Baffa ya ture ni da gindin sanda.

"Tsoho, ba mu tambayi inji ba. In magani ne, shi ya sha."

Bawa ya san abin da ke gabansa. Ba duka kaɗai ba: in aka watse a haka, kafin la'asar labari ya kai Bukkuyum cewa guba yake ba mutane, kuma ba mai sake karɓar ko ruwa daga hannunsa. Ya zuba murfi ɗaya zai sha.

Baffa ya ce, "A'a. Murfi namu ne na baƙi. Kai mai gida, kwalba."

Bawa ya shanye kwalba guda, babba. Aka zaunar da shi a kan buhun gero, Baffa ya zauna gabansa, kowa na jiran ya ga wanda zai riga faɗuwa. Ba wanda ya faɗi. Can Baffa ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya shafa ciki, ya ce ya ji iska ta sauka. Aka fashe da dariya, na mayar da batir na kai su inda aka ambaci ɓera, dariya ta ƙaru. Kafin mu tashi kwalabe sun ƙare, har manoma na tambayar ko ya zo da na ɓeran.

Sai dai murfi ɗaya ake sha, shi kuwa ya sha na unguwa guda. A hanyar komawa ni na karɓi tuƙi. Daga Gummi zuwa Anka babu kurmin da bai san Bawa ba a ranar.

Darasin sana'a ke nan, yara: kada kamannin murfi ya ruɗe ku, kuma kafin ku ba mutum inji, ku ji abin da ke bayan kaset ɗinsa. Darasin mutane kuwa, a wajen mararrabar Bukkuyum na same shi. Ina tsaye riƙe da babur, sai na ji muryar mutumin da ya tsufa yana sayar da maganin nan ta fito daga bayan sabara, a raunane, cike da mamaki:

"Injiniya... ashe abin nan da gaske yana aiki!"