Uwar Turaren Goggo a Yolde Pate

Ni ne mai laifi, kuma gara in faɗa tun daga farko, kafin wani ya tare ni a masallaci ya tambaye ni yadda na baro Yola. Waɗanda suka san shagona na turare a Bauchi sun ga na rufe, na ce musu zan je sarin humra wajen goggona. Na daɗe fiye da yadda na faɗa, kuma na dawo ban zo da ko kwalba ɗaya ba. Ga yadda aka yi.

Mun tashi da asuba daga tasha, a wata ƙaramar mota da aka cusa mu kamar buhunan gawayi. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, da muka yi ƙorafi direba ya ce mu kai ƙara gidan mai. Har Gombe barci na yi. Daga nan hanya ta hana kowa runtsawa, domin ramukan da ke tsakanin Kumo da Kaltungo sun isa a yi kiwon kifi a ciki. Amma ƙasar tana da kyau. Duwatsun Tangale sun yi kore shar, gonakin dawa sun fi mutum tsawo, mata na jere a bakin titi da gyaɗa da dafaffiyar masara.

Shingayen jami'an tsaro sun ragu a kan na shekarun baya, amma suna nan. A wani shinge bayan Cham soja ya buɗe jakata, ya ci karo da wata kwalbar turaren mai da na saro a Kano, irin mai ƙarfin nan da samari ke kira kama-jiki. Na ɗiga masa a hannu, na ɗiga a rigata don ya yarda ba wani abu ba ne. Har muka kai Numan motar ba ta daina ƙamshi ba. Matar da ke kusa da ni ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Malam, wannan turare ne ko maganin sauro?" Aka yi dariya, ni ma na yi. A raina kuwa daɗi na ji, na ce kaya ya yi tallar kansa.

A gadar Numan na ga Binuwai ya cika ya batse, kwale-kwale na yawo a kai kamar ɓawon gyaɗa. Muka sayi bandar kifi, muka wuce gonakin rake, muka ratsa Ngurore da ƙurar shanunta, la'asar sakaliya muka shiga Jimeta. Zafin garin nan ba a ba da labarinsa, sai mutum ya je. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Yolde Pate, can gefen Yola, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka tun ina yaro ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ko da na zubar mata da nono. Babana take ce mini. A Mubi ta yi aure ta tsufa, rikici ya koro ta Yola, yanzu tana zaune a gidan ɗanta mai tuƙin babbar mota, wanda ba kasafai yake gari ba.

"Jaɓɓama, Babana," ta ce, ta yi mini maraba da Fulatanci. "Ka rame. Matar Bauchi ba ta ba ka abinci ne?"

Ta kawo kunun gyaɗa da kindirmo mai sanyi. Ina sha ta cire hular kaina, ta shiga ɗaki da ita, ta dawo ta mayar mini. Ta shafa wani abu a cikinta. Na shinshina, na ji ƙamshi mai sanyi, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da raɗa. Na ce a raina, wannan ai ba zai sayu a Bauchi ba. Kashegari na cusa hular a jaka na ɗauko wata.

Na zauna na ga yadda take aiki. Farce, wato ƙumbar wata halittar ruwa, sai ta jiƙa shi ta kankare, ta soya har ƙarnin ya fita, sannan ta daka. Ta niƙa sandal da kajiji da kanumfari, ta tankaɗe da ƙyalle. Itacen turaren wuta kuma da narkakken sukari take haɗa shi a wuta kaɗan-kaɗan, ba ta barin kowa ya yi mata hira a lokacin. Ba ta da ma'auni sai hancinta. Takan ɗaga murfi ta rufe ido, ta ce saura, ko ta ce ya yi.

Fure kuwa Jimeta ake zuwa nemansa, gidan Maman Rahila, wata malamar firamare da ta yi ritaya, Kirista daga kudancin jihar. Tana da lalle da lemun tsami a bayan gida. Da sassafe muka je, domin Goggo ta ce in rana ta taɓa fure ta sha rabin ƙamshin. Ban taɓa sanin lalle yana fure mai ƙamshi haka ba, ni da nake sayar da turare. Ƙanana ne, farare, sai an tsinka da haƙuri, a zuba a man riɗi a rufe, in sun yi laushi a tace a sake zuba sababbi.

Goggo na can cikin lalle, Maman Rahila ta zaunar da ni ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Ta ce shekarar da masu bindiga suka shiga Mubi, a bakin tasha ta tsinci Goggo, ƙafafu sun kumbura, bayan ta bi duwatsu da jeji a ƙafa. Ta kawo ta gida, suka yi watanni a ɗaki guda, ɗaya na salla ɗaya na karatun Littafi.

"Ka san abin da ta fito da shi?" in ji ta. "Ba zani, ba takalmi. Awaki ta bari, keken ɗinki ta bari. Kwalba ɗaya ta ɗaure a ƙugu. Na ce Goggo, mutane na gudu da takardun gida, ke kina gudu da turare? Ta ce wannan ce takardar gidansu."

Da muka koma gida na ce wa Goggo ta nuna mini kwalbar. Ta jawo ta daga bayan randa, wata tsohuwar kwalba mai duhu, an naɗe ta da tsumma. Ta ce uwar turare ke nan. Mahaifiyarta, wato kakata 'yar Barno da ban taɓa gani ba, ita ta haɗa ta. Duk sabon haɗi sai an ɗebi cokali daga uwar an zuba masa, in ya nuna kuma a mayar mata da cokali daga cikinsa. Haka ba ta ƙarewa, kuma ƙamshin farko ba ya ɓata. Daga cikinta ta shafa mini a hula.

A nan Shaiɗan ya same ni, ko in ce na same shi, don ban ga ya sha wahala ba. Na yi lissafin ɗan kasuwa. Na ce tunda kowane haɗi daga uwar yake ɗiba, in na ƙarfafa uwar na ƙarfafa duka, Goggo ta samu ciniki, ni ma in samu. Na san in na tambaye ta za ta ƙi, shi ya sa ban tambaya ba. Da azahar ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Na shiga ɗakin, na buɗe kwalbar, na tuttula kama-jiki a ciki, na girgiza. Na ji motsi a zaure, na yi sauri na mayar da komai na fito.

Da safe ta shimfiɗa tabarma za ta haɗa mini kayan da zan tafi da su. Ta buɗe uwar, ta kai hanci. Ina tsaye ina jiran yabo. Ta daɗe ido a rufe. Ta sake shinshinawa, ta mayar da murfin a hankali.

"Babana, hancina ya tsufa," ta ce. "Ba na jin Innata a ciki."

Na ce ko mura ce. Ta ce ba mura ba ce. Ta ce mai turare in hanci ya tafi, sai ta koma sayar da gyaɗa, kada ta cuci mutane. Ta tattara turmi da ƙyalle da kasko ta kai ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Da na buɗe baki a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Ban buɗe ba. Sai na zama ɗan yawon buɗe ido da ƙarfi da yaji, don kada in zauna a gidan. Na shiga babbar kasuwar Jimeta, inda za ka ji Fulatanci da Hausa da Turancin 'yan kasuwa a bakin mutum guda kafin ya gama yi maka ciniki. Na je bakin gada na kalli masu wanki da masu ɗiban yashi. Na zaga tsohon garin Yola, mai shiru da inuwar darbejiya, inda dattawa ke gaisawa kamar ba su da wani aiki a duniya. Na ci gasasshen kifi mai yaji wanda kowa ke yabo. Wallahi ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar da zan tafi Maman Rahila ta zo, ta ji labarin Goggo ta ajiye aiki. Ta same ni a zaure ina ɗaure jaka.

"Ɗana, wai hancin wa ya tsufa? Matar da ke gane na ƙona wake tun daga bakin titi?" Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa 'yan aji. "Kai da kake sana'ar, ba ka ji komai ba?"

Na ce ban ji ba. Goggo ta rako ni har bakin hanya, ta ba ni ƙullin yaji in kai wa iyali, ta ce in yafe mata na yi tafiyar banza.

Motar Bauchi ta cika kusan hantsi. Muna fita gari zafi ya taso, rigata ta jiƙe, kama-jikin da na shafa ya gauraya da gumi ya koma wani abu mai hawa kai. Na buɗe jaka neman hankici, hannuna ya faɗa kan hular nan. Ƙamshin ya taso a hankali. Yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na ji sandal, na ji furen lalle, na ji wani abu a ƙarƙashinsu da ban san sunansa ba. Sai na gane cewa abin da ya tsallake duwatsu a ƙugun tsohuwa, ya tsira daga masu bindiga, ni ne na kashe shi da rana tsaka, ina cin tuwon gidan. Abin da ya saura daga hannun kakata, wanda ba a gauraya ba, shi ne wannan da ke cikin hulata.

A Ngurore na ce direba ya tsaya. Ya ce kuɗi ba ya dawowa. Na ce ban tambaya ba.

Na same ta zaune a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa. Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta kunce bakin zaninta, ta ciro wani ɗan abu mai ruwan zinariya ta ajiye a kan tabarma. Murfin kwalbata ne. Ashe garin sauri na bar shi a bayan randa, ni kuwa na toshe kwalbar da leda ina zaton a hanya ya faɗi.

"Ka manta kayanka, Babana," ta ce. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Tun ranar ta sani. Ta zaɓi ta ɗora wa hancinta laifi, ta bar sana'arta, maimakon ta buɗe baki ta tuhumi mai sunan mahaifinta. Na yi shekaru ina ce wa masu saye turare mai kyau shi ne wanda ake ji daga nesa. Tafiyar nan ta nuna mini ban san turare ba, ban kuma san mutane ba.

Na cire takalmi, na durƙusa a ƙasa ba a kan tabarma ba, na ajiye hular a gabanta. Na ce:

"Goggo, hancinki lafiyarsa lau. Ni na zuba, da hannuna, bayan na san abin da ke cikin kwalbar. Na ji kin yi wa kanki ƙarya don ki rufa mini asiri, na yi shiru, wannan ya fi zubawar muni. Ba ni da abin da zan biya ki. Ga hular, ita kaɗai ta rage. In kin yarda, ba zan koma Bauchi ba sai na bi gidajen matan da kika taɓa haɗa wa, in roƙi ragowar da ke gindin kwalabensu, ko ɗigo-ɗigo ne, tunda kowacce akwai cokalin Inna a ciki. Amma kafin nan, don Allah ki ajiye sunan mahaifinki a gefe yau kaɗai, ki yi mini faɗa kamar yadda ake yi wa ɗan da ya yi ɓarna. Na tuba, Goggo. Ki yafe mini."