Malama Raƙiya da Dutsen da Ya Sha Farar Ƙasa

Da sanyin safiya Malama Raƙiya take barin Tawa, ta nufi duwatsun arewa da Takanamat da igiyar awo da gorar ruwa. Sammakon dole ne, don zanen mutanen dā ba ya fitowa a jikin dutse sai rana tana kwance, kafin ta yi sama. A wannan aiki na binciken zanen ta tsufa, mu kuwa iyakar ladanmu gare ta shi ne mu ce mata "mai gaida duwatsu".

Attahiru makiyayi, wanda ya daɗe yana yi mata jagora, ya ga ranar da ta tsaya gaban motar masu fasa dutsen gini, ta hana su taɓa wani falalen dutse. A jikinsa akwai zanen raƙuman dawa, da wasu ɗige-ɗige da take kyautata zaton taurarin Kaza da Ƴaƴanta ne, waɗanda manoma ke duba lokacin damina da su. Ba ta taɓa cewa ta tabbatar ba. Cewa ta yi in aka fasa shi, ba mai sake tambaya.

To, da za ta ajiye aiki bara, mutanen ƙauyen wurin suka ce za su karrama ta. Kun san halinmu: in babban baƙo zai zo, duk dutsen da ke bakin hanya sai ya sha farar ƙasa. Suka bi suna shafawa har suka kai ga falalen, suka ninka masa, tunda shi ne nata.

"Mi kunka yi ma dutsen ga?" in ji ta.

"Hajiya, gyara munka yi miki," in ji mai gari, yana murmushi. "Diba yadda yay yi hwari hwat!"

Wallahi har yau abin nan yana ci mini rai. Ita kuwa ta ci tuwon biki, ta yi godiya, washegari ta dawo da buroshi mai laushi, ta fara share farar a hankali. Ta hana a kankare da wuƙa, don zanen zai tafi tare da farar.

Malama, ke ce mai haƙurin da ba mu cancanta ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Jama'a, ku je ku koyi aikin nan a hannunta, in ba ku iya ba ku riƙe mata gorar ruwa, amma don Allah ku kame hannuwanku. Attahiru ya ce satin jiya wuyan raƙumin dawa ɗaya ya fito. Taurarin suna ƙarƙashin farar har yanzu, idanunta kuma sun fara rauni.