Sunan da Injin Ya Nace Sai Na Buga

Na kama aikin buga tafireta zamanin da arzikin mai ke malala, lokacin da ake sauke sababbin injinan rubutu a ofis cikin kwalayensu, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. Na daɗe ina bugu a Batsari, kuma babu abin da yatsun nan nawa ba su buga ba: takardar kora, takardar ƙarin girma, har da tallan maganin basir na wani abokina. Abu ɗaya ne ban taɓa bugawa ba, shi ne sunan ɗana na fari.

Asalinmu Fulanin bayan Safana ne. A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a ma nuna an san da zamansa. Nawa kuma abin ya zo riɓi biyu, don sunan mahaifina aka sa masa. Ni ba na faɗa, uwarsa ba ta faɗa don sunan surukinta ne, tsohuwata da ta yaye shi ta riƙe shi a Safana ita ma ba ta faɗa don sunan mijinta ne. Gida cike da mutane, amma babu mai iya kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ni "yaron" nake ce masa. Takardun makarantarsa kuwa, da na zo gurbin suna sai idona ya fara ciwo, in miƙa wa wani ya cike.

Ina dab da yin ritaya wani shirin dashen itatuwa ya kawo mana kwamfuta. Aka ce tana aika wasiƙa ta layin tarho ta isa ko'ina a duniya kafin shayi ya huce. Tun da ni ne mai bugu, ni aka damƙa wa. Ba irin ta yanzu ba ce mai hotuna. Allo ne baƙi ƙirin, da koren rubutu, da wani ɗan ɗigo yana ƙyafta maka ido. Injiniyan da ya kafa ta ya bar min takardar bayani da lambar tarhonsa a Katsina, ya tafi. Ni kuma na rufe ta da zanen tebur na ci gaba da tafiretata.

Wata Litinin wasiƙar yaron ta iso ta gidan waya, bayan ta yi wata guda tana yawo. Yana ƙasar waje a lokacin, ya gama karatu. Ya ce sun ba shi aiki ya zauna can, kuma ranar da suka sa masa ya ba da amsa, da na lissafa, ta faɗo Juma'ar makon nan. "Baffa, idan ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka zamana a nan bai dame ka ba, sai in karɓa." A ƙasa ya rubuta adireshinsa na imel. Na duba adireshin, ashe da sunan nan ya fara, ɓaro-ɓaro.

Na hau babur na tafi Safana na karanta wa tsohuwa.

"To mi kake jira?" in ji ta. "Tahi ka hwaɗa ma maigidana ya dawo. Ni na gaji da zaman gwauranci."

Haka take kiransa, da wasan kaka da jika. Na ce mata injin sai da suna yake aiki. Ta ce wannan matsalata ce, ni da na yi boko. Gaskiya ita ce ni ma ina son ya dawo, so mai tsanani, amma ko a gaban tsohuwa ban iya faɗa ba.

Ranar Talata na yaye wa kwamfuta zane, aka ta da janareta. Takardar injiniya ta ce in buɗe fayil ɗin saiti, wato inda ake gaya wa shirin aika wasiƙa da ke cikin injin sunan ofishinmu da kuma babbar kwamfutar da za ta karɓi saƙonmu ta wuce da shi. Na buɗe, na tarar da layuka masu yawa, kusan kowanne da wata alama a farkonsa mai kama da ɗan darni, tsaye biyu kwance biyu. Na ce lallai wannan ado ne. Ni kuwa ba a san ni da aikin ƙazanta ba, don haka duk layin da na rubuta sai na kafa masa darninsa. Na gama na rasa hanyar fita daga fayil ɗin. Na danna wannan, na danna wancan, ɗigo yana ta ƙyafta min ido. Daga ƙarshe na leƙa taga na ce a kashe janareta, da haka na fita.

Na sake, na samu na adana. Akwatin da ke haɗa kwamfuta da tarho ya yi ta ƙara kamar zabuwa ta ga shaho, amma shirin ya ce bai san inda zai kai saƙo ba. Na kira injiniya. Da na ba shi labarin darni sai da ya yi dariya har da tari.

"Baba, duk layin da ka sa wa wannan alamar, injin ba ya kallonsa. Yana nan, amma sai ya yi kamar babu shi."

Masinjan ofishinmu yana tsaye yana ji. Bagobiri ne, sa'ana, mun tsufa muna tsokanar juna, kuma shi kaɗai na bari ya san abin da ake ciki.

"Ashe injin ma Bahillace ne," in ji shi. "Ya ga ɗansa ya kau da kai."

Na ce ya fita ya ba ni wuri. Bai fita ba.

Na cire darnin nan kaf, hanya ta buɗe. Sai na tuna injiniya ya taɓa cewa shirin yana karɓar laƙabi, ba sai ka riƙa buga dogon adireshi kullum ba. Na ce Alhamdu lillahi, ashe Turawa ma sun san kunya. A gurbin wanda za a aika wa na buga "yaron", na aika, na jingina da kujera ina jin kaina. Ba a jima ba wasiƙar ta dawo min da wani dogon Turanci, wai an duba ofishinmu ba a sami mai wannan suna ba. Na sake kiran Katsina. Injiniya ya ce laƙabi ba ya aiki sai an shiga littafin adireshi an rubuta shi, an kuma rubuta cikakken adireshin a gefensa.

"Sau ɗaya tak za ka buga, Baba, shi ke nan har abada."

Sau ɗayan nan ai shi ne maganar. Akwai matasa a ofis da za su buga min cikin ƙiftawar ido, amma kafin la'asar duk sakatariya ta ji cewa tsoho yana bin ɗan fari da wasiƙa.

Ranar Laraba muka yi dabara da masinja. Shi yana iya faɗin sunan amma bai yi boko ba, ni na yi boko amma ba na iya bugawa. Muka shirya in riƙa nuna masa maɓalli da bakin biro ina kallon bango, shi kuma ya danna. Mutumin da yatsansa ya kai girman rogo, in ya danna ba ya ɗagawa. Harafi ɗaya sai ya fito ya cika layi. In na ce ya goge, ya goge har da abin da na sha wahalar saitawa jiya. Kuma duk dannawa ɗaya sai ya ƙwala sunan da ƙarfi, wai yana taya injin ganewa. Sau uku muna aikawa tsakanin Laraba da Alhamis, sau uku tana dawowa da amsa ɗaya, cewa ba a san wannan mutum ba. Ta ukun ta ba ni haushi fiye da yadda ya kamata. Na ce wa allon, ni na san shi.

"Ka san shi, amma ko sunanshi ba ka iya kira," in ji masinja. Wannan karon bai yi dariya ba.

Safiyar Juma'a na aike shi kasuwa sayen goro, na ce kada ya kawo sai fari, don na san zai daɗe yana nema. Na kulle ƙofa, na sauke labule, kamar mai shirin sata. Na buɗe littafin adireshi na rubuta "yaron", na matsa gefe. Yatsun da suka yi shekaru suna gudu ba tare da na dube su ba, ranar nan sai da na sa musu ido. Na buga harafi ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya fito kore a kan baƙin allo, sunan mahaifina kuma sunan ɗana, na zauna ina kallonsa. Rufin ofis bai faɗo ba. Ashe ma sunan yana da kyau a rubuce.

Wasiƙar kanta na fara ta yadda na saba: "An umarce ni in sanar da kai cewa." Na goge. Na rubuta gaisuwa, na ce kakarsa tana son ya dawo. Na daɗe ina kallon ɗigon nan, sannan na ƙara layi ɗaya: "Ni ma ina so." Na aika da sauri kafin kunya ta dawo. Zabuwa ta yi kukanta, wasiƙa ta tafi ba ta dawo ba.

Ranar Litinin na tarar da amsa. Ya ce ya ba su haƙuri, yana nan tafe kafin damina. A ƙarshe ya tambaya: "Baffa, wa ya buga maka adireshin?" Na amsa masa cewa masinja ne. Masinjan kuwa, da ya ji, ya ce shi dai a ba shi goronsa, zai riƙe min ƙaryar.

Laƙabin ya yi aiki yadda injiniya ya ce, in na buga "yaron" sai injin ya cike sauran da kansa. Sau biyu na yi amfani da shi. A rana ta uku na jira kowa ya fita salla, na buɗe littafin adireshi, na kafa wa layin laƙabin ɗan darni a farkonsa. Daga nan injin ya daina ganinsa, kuma har yaron ya dawo gida, duk wasiƙar da zan aika masa sai na buga sunan da hannuna.